Zare a Ƙarƙashin Safar Hannu

Kwana na huɗu da fara gwaji

Yayata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya nauyin jiki? Allah ya sauke ki lafiya. Yaya 'yata Aku? Ina fatan ba ta cika miki kunne da surutu ba, ko da yake na san ba a banza kika laƙaba mata sunan ba. Ni ma lafiyata ƙalau, sai kewa.

Kin ce in daina ce miki "karatu ne ya riƙe ni", in faɗa miki ainihin abin da ya raba ni da 'yata shekara biyu da rabi. To ga shi, ki yi dariyarki ki more: makero nake shafa wa ɓeraye. Makeron nan dai da kika sani, mai zana zobe a fata. Ƙwayarsa dangin fumfuna ce. So muke mu gane yadda garkuwar jiki ke korar ta, da dalilin da ya sa wani ke warkewa da wuri, wani kuma ya yi ta susa wata da watanni.

Ɓerayena kashi uku ne. Akwai masu cikakkiyar garkuwa, akwai waɗanda aka haifa da rauni a garkuwarsu, su ne 'yan gatan, don wata takwas na yi ina kiwon iyayensu kafin in tara adadin da nake so. Waɗannan kashi biyun ake aske wa baya a shafa musu ƙwayar. Na ukun kuwa a aske su, a shafa musu ruwa zalla. Dattijon da ke kula da ɗakin dabbobin shaidu yake kiran su, wai da su ake gane cewa ƙwayar ce ta yi aikin, ba reza ba. Ya ce in shaida ya lalace, shari'a ta rushe.

Ɗakunan a ƙarƙashin bene suke, ba taga ko ɗaya. Fitila ce ke kunna kanta ta kashe kanta, ita ce ranarmu ni da su. Kullum ƙarar fanka da warin garin katako. Ɗaki biyu ne, kuma doka ɗaya ce: a fara shiga mai tsabta, inda shaidu da iyaye suke, sannan a wuce na masu cuta. Wanda ya shiga na biyu ba ya komawa na farko sai gobe, bayan wanka da sauya kaya. Riga, hula, takunkumi, safar hannu biyu. In kika gan ni ba za ki gane ƙanwarki ba.

Kowace safiya sai in ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, in duba ja da ɓawo, in ba da maki daga sifili zuwa huɗu. Ba Asabar ba Lahadi, don makero bai san hutu ba. Amma Yaya, wannan ne gwajin ƙarshe. Kwana ashirin da ɗaya ne. Farfesa ya ce in ya fito daidai, rubutun sai in yi shi a gida. Ki gaya wa Aku ni zan riƙe hannunta ranar da za ta fara makaranta. Abin hannun da ta zura mini da duwatsun roba yana nan ɗaure, zaren har ya yi baƙi.

Ki gaishe mini da kowa.

Ƙanwarki,
Uwar Ɓeraye, kamar yadda kike tsokanata


Kwana na goma sha uku

Yayata,

Gaisuwa da fatan kin tashi lafiya. Barka da arziki! Saƙon maigidanki ya iso ni ina tsakanin kejina, na yi ta murmushi cikin takunkumi ba mai gani. Allah ya raya shi, ya ba ki lafiyar shayarwa. Yaya jikin naki? An ce Aku ta kafa kujera kusa da shi ta hana kowa taɓawa.

Da na so wasiƙar nan ta tsaya a barka, amma ba ni da wanda zan faɗa wa sai ke.

Shekaranjiya na ɗaga wani shaida, sai na ga ja a bayansa da ɗan ɓawo fari. Na ce faɗa suka yi, maza ne, sun saba. Jiya na ga biyu. Yau uku cikin goma. Na kankare kaɗan na duba a madubin likita, ina roƙon Allah ya sa idona ne ke yi mini gizo. Ƙwayar ce, Yaya, irin wadda nake shafa wa na ɗaya ɗakin.

Na zauna na bi ayyukana ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa juya tsarin shiga ɗakunan ba. Ban taɓa ɗauko ko alƙalami daga can zuwa nan ba. Ina cikin wanke hannu ina wannan lissafin sai na ji ƙaiƙayi a wuyan hannuna na hagu. Na ture abin hannun Aku. Ga zobe nan ja, daidai faɗin kwabo, ya kwanta a ƙarƙashin zaren.

Ranar farko da na zo aka karanta mana cewa ba a shiga da agogo ko zobe ko awarwaro. Na sani sarai. Cewa na yi wannan ai zare ne, kuma safa biyu na rufe shi. Ashe in na miƙa hannu cikin keji bakin rigar yakan ja baya. Kullum ina wanka, ina sauya kaya, shi kuwa zaren yana shan ruwa ya bushe a jikina, washegari in kai shi ɗaki mai tsabta da hannuna. Na kiyaye duk wata ƙofa, ashe ɓarawon a hannuna yake.

Ba wanda ya sani. Farfesa ba ya saukowa ƙasa, takarda kawai yake karɓa. A takardar kuwa akwai gurbin da ake rubuta "an cire saboda raunin faɗa", kuma ana yi, ba baƙon abu ba ne. In na rubuta haka sau uku, shaidu bakwai sun isa. Saura kwana takwas. Masu raunin garkuwar suna nuna daidai abin da muka zata, bayansu ya yi ɓawo, na sauran ya fara warkewa. Na yi imani sakamakon gaskiya ne. Layi uku kawai ke tsakanina da gida.

In kuma na faɗa, ba shaidu kaɗai za a kashe ba. Duk abin da ke ɗakin nan mai tsabta zai tafi, har iyayen da na yi wata takwas ina kiwo.

Na riƙe alƙalami yau har yatsana ya yi sanyi. Dattijo yana gefe yana sauya kwalaben ruwa. Bai dube ni ba, sai ya ce, kamar da kejin yake magana, wai shekara ashirin da shida yana nan bai taɓa ganin ɓera ya yi ƙarya ba. Ban san ko ya gani ba ne, ko maganarsa ce ta kullum. Na ajiye takardar ba rubutu.

Tsoro nake ji, Yaya. Kuma ina jin haushin kaina, har da haushin zaren, sai kuma in ji kunyar jin haushinsa. Ki sa ni a addu'a. Kada ki gaya wa baban Aku tukuna, yana kan hanya da mota, ba na son hankalinsa ya rabu.

Taki,
Ƙanwarki


Kwana na goma sha tara, ko da yake yanzu ba abin ƙirgawa

Yayata abar alfaharina,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan ke da jariri kuna samun barci. Wasiƙarki ta zo, na karanta ta sau uku. Kin ce ke ba ki san aikin ɓeraye ba, amma kin san ni, in na rubuta layin nan uku ba zan ƙara iya kallon takardar shaidata ba. Da wasiƙar ta iso, na riga na hau bene.

Na nuna wa Farfesa hotunan shaidun nan uku da na ɗauka, na naɗe hannun riga na nuna masa zoben, na gaya masa labarin zaren Aku. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Cire tabarau ya yi, ya daɗe yana goge shi, sannan ya tambaye ni shekarun yarinyar. Na ce biyar saura wata biyu. Ya ce ya gode da na faɗa, kuma ba abin da zai iya rage mini.

Ranar Talata likitan dabbobi ya zo kashe su. Ɓera sittin da huɗu. An ce ba sai na tsaya ba, amma na tsaya a bayan gilashi, don ni na jawo musu. Dattijo ne ya riƙa miƙa kejin, yana kiran lambar kowanne. Akwai wata uwa mai yankakken kunne da ta haifa mini sau biyar. Da aka zo kanta na juya baya.

Ga yadda lissafin yake. Sai an yi wa ɗakin hayaƙin magani an rufe shi. Sai na rubuta bayani na tsaya gaban kwamiti, su sake ba da izini. Sai an kawo sababbin iyaye, in sake kiwo daga farko. Farfesa ya ce shekara guda in komai ya tafi daidai. Na fara tunanin tattara kayana in bar musu, sai na tuna shekara biyu da rabin da na riga na ɗauke wa Aku. In na taho hannu rabbana, me zan ce mata na saya da su? Gaba ba daɗi, baya ba daɗi.

Kin ce tunda an hana ni shiga ɗakin sai na warke, in zo ko na mako guda ne. Likita ma ta ce in ina shafa magani ina rufe wurin, ba laifi. Amma ba zan zo ba yanzu. Na ga abin da ƙwayar nan ke yi wa jikin da garkuwarsa ba ta ƙosa ba, na ba shi maki da hannuna kowace safiya. Ba zan shigo da ita gidan da ke da ɗan kwana goma ba, kuma kin san Aku ba za ta yarda in tsaya daga nesa ba. Sau ɗaya na ce safa ta rufe, ya ishe ni.

Kwanakin nan ina zaune a ɗakina, daga gado sai tebur. Da safe ƙafata takan kai ni har bakin matakalar ƙasa kafin in tuna ba abin da ke jirana.

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi yi mini nauyi. A ƙarshen wasiƙarki kin ce tun da aka haifi jaririn Aku ta fara kiran ki Mama, tana kwaikwayon yaranki, kuma kullum kina gyara mata, kina nuna mata hotona kina cewa ga Mama nan, ta kusa dawowa. Na gode, Allah ya saka miki. Na yi kuka da na karanta, ba zan ɓoye miki ba. Amma yarinya ba za ta yi wata shekarar tana kiran hoto ba. Tana buƙatar wadda za ta kira ta waiwayo.

Ki daina gyara mata, Yaya. In ta kira, ki amsa.

Ki gaishe mini da maigidan, ki shafa mini kan yaran duka.

Ƙanwarki mai kewarku