Shirun Jariri Ba Haƙuri Ba Ne

Zuwa ga shugaban asibitin garinmu, a arewacin Adar.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da ungozomominka.

Cikin damina na haifi ɗa namiji a hannunku. Ranar da aka sallame ni, an faɗa mini ranar rigakafi, shi ke nan. Abu biyu zan faɗa maka.

Na ɗaya: ba wanda ya gaya mini cewa jaririn da ya daina kama nono, yake ta barci, jikinsa ya yi sanyi, ba shi da lafiya. Na yi koleji, abin da na sani shi ne zazzaɓi ake gudu. Da nawa ya fara haka, ina taɓa goshinsa, ba zafi. Mata masu zuwa barka suna ta yabonsa, wai yaro mai haƙuri, ba ya kuka. Har daɗi na ji.

Na biyu: da cibiyarsa ta yi ja ta fara wari muka dawo gare ku, kuka tura mu Tawa. Likitan can ya ce ƙwayoyin cuta sun shiga jininsa ta cibiya, kuma da an fara allura da wuri akwai sa rai. Ana gobe suna ya rasu.

Na yarda da ƙaddara. Amma ilimi amana ne, wanda ya san abu ya yi shiru zai amsa tambaya gaban Allah. Hira da danna waya da ma'aikatanku ke yi ba su fi ran ɗan mutum ba.

Roƙona: kada maijego ta fita ƙofarku sai an zaunar da ita an faɗa mata alamun nan. A faɗa wa kakanni, tunda su ke wanka da gashin cibiya. Ungozoma ta riƙa leƙa gidaje kafin suna, don kun san maijego ba ta fita.

Har yanzu nono na zubo mini idan ɗan maƙwabta ya yi kuka. In riƙe ƙirjina, in rasa wanda zan ɗauka. Ubansa ya yi masa huɗuba da Habibu, amma ba a taɓa kiran sunan cikin taro ba. Na sa shi nan domin mutane su ji shi ko sau ɗaya.

Allah ya yi maka jagora, ya raya 'ya'yanka.

Wassalam.

Uwar Habibu