Doguwar Gaisuwar Nahuce

Zuwa ga Inna Kulu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya Baba Sahabi da ƙafarsa? Gero ya yi kyau a Nahuce bana? Ni lafiya lau, sai dai sanyin Ingila.

Inna, na ga ikon Allah. A asibitin da nake aikin jinya dariya ake yi mini, wai gaisuwata ba ta ƙarewa. Ran nan na tare wata babbar likitarmu ina jera mata gaisuwa irin taki: ya gida, ya aiki, ya gajiya? Sai ta zauna ta fashe da kuka. Ta ce, "Juwairiyya, na yi niyyar kashe kaina. Shekara ashirin ina tambayar marasa lafiya, ni ba wanda ya tambaye ni." Ban bar ta ita kaɗai ba sai da na kai ta hannun ƙwararru.

Yanzu ta dawo aiki. Jiya ita ta ce mini ya gajiya, ta tsaya tana jiran amsa.

Inna, "lafiya lau" ɗin can da na rubuta a sama, da saura. Kewa na cina. Allah ya bar mana ke. Ki kira ni, ki gaishe ni har ƙarshe.

Ɗiyarki,
Juwairiyya