Laimar da Ta Sauka a Hannun Auta

Zuwa ga ƙanena Auta,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Da kunnena yana jin waya da tuni ka sha faɗa, to ga takarda.

'Yata ta kawo mini wani labari, ita ma matar telan da ke ƙasan benenku ce ta faɗa mata. Wai ranar Talata da rana tsaka matarka ta ɗaga laima ta zabga maka a hannu, ta ƙwace wayarka, ta tunkuɗo ka waje tana daka maka tsawa. Wai har ƙofofin maƙwabta ta bi tana duka.

Auta, ni na goya ka. Shekara arba'in ina ce maka mai shirun nan ba a san cikinta ba. Ko ta rubuto mini ban haƙuri da hannunta, ko ƙafata ta daina taka gidanka.

Yayarka.

*

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa irin ta ƙane ga wadda ta goya shi, ko da yake goyon nan an fi shekara sittin da sauke shi. Hannun yana nan, ga shi ma yana rubutu.

Matar tela ba ta yi ƙarya ba. Kan labarin ta ba ku, ta riƙe gangar jikin.

Daga asibitin ido muka dawo, na sa makulli na buɗe ƙofa. Kin san lungun shigarmu, ko da rana duhu ne. Shekara talatin da biyar ina aikin lantarki, hannuna ba ya neman izinina, da na shiga ɗaki sai ya tafi makunni. Yatsana na gab da taɓawa na ji laima, tau! Na juyo zan buɗe baki, ta ce, "Gas! Kada ka taɓa komai. Fita!"

Na zaro waya zan haska, ta warce ta tura a jaka. Ta toshe hanci da gefen mayafi, ta yi taku uku zuwa kicin, ta murɗe kan tukunyar gas, ta banke taga da ƙofar baya, ta fito. Ban gama murza hannuna ba har ta gama. Fanka tana kallonta ba ta kunna ba. Fitilar bayi da muka manta a kunne, ita ma ba ta kashe ba.

Sai ta bi ƙofofi da dunƙule. Ƙararrawar kowace ƙofa a benen nan ni na ɗaura ta, amma ko ɗaya ba ta danna ba. Tana bugu tana cewa, "Ku sauko! Kada a kunna, kada a kashe, kada a ƙyasta ashana!" Direban da ke samanmu ya fito da sigari a leɓe yana lalubar aljihu. Ta ce, "Malam, in ka ƙyasta, motarka ce kawai za ta yi saura." Bawan Allah ya cusa sigarin a aljihu ya bi sahu.

Sai da muka tsallaka titi ta miƙo mini wayata ta ce, "Yanzu kira mai gas." Ya zo, ya jira har warin ya fice, ya shafa ruwan sabulu a bakin tiyon tukunyar. Kumfa ta dinga tashi kamar ana wanki. Ya ce mu gode Allah, ya kuma ce mu gode wa wanda bai kunna fitila ba. Na ce ba ni ba ne.

Da muka koma ciki na tambaye ta ina ta koyi wannan. Ta ce, "A bakinka. Ba kai ke cewa kowane makunni yana tartsatsi a ciki ba, ko kunnawa ko kashewa?" Yaya, na faɗi maganar nan ya fi sau ɗari a kan tabarmar cin abinci. 'Ya'yana hamma suke yi. Ita kuma tana tsince shinkafa, na ɗauka da bango nake magana.

Don haka ban haƙuri babu. In akwai mai rubuta shi, laima ce, ita ma ta lanƙwashe.

Ƙanenki, Auta.

*

Auta,

Na gaishe ka. Na karanta sau biyu, na yi hamdala sau goma. Amma kada ka yi mini wayo. Kai ne kana yaro Inna ke ɓoye nama a ƙasan gado, ka bi da hanci ka tono. Yaya aka yi gas ya cika gida, matarka ta ji daga bakin ƙofa, kai ba ka ji ba? Wa kuma ya haɗa tukunyar? 'Yata ta kira matarka ta tambaye ta, abin da ta ce kawai, "Laifina ne, a ba Yaya haƙuri." Akwai sauran magana. Fito da ita.

Yayarka.

*

Zuwa ga Yaya,

Ina gaisuwa. Kunnenki ya tafi, amma idonki har bayan takarda yake gani.

To ga ta. Hancin nan da kike yabo ya yi ritaya shekara uku da suka wuce, bayan wata doguwar mura. Turare da kwata duk ɗaya ne a wurina. Ban faɗa wa kowa ba. Na ji tsoron yara su ce tsoho ya fara lalacewa, su ɗauke mu daga gidanmu su ajiye mu a ɗakin baƙi. Kullum in na shigo sai in ja numfashi in ce, "Kai, wannan ƙamshi!"

Tukunyar ma ni na haɗa da safen. Ta ce a jira mai gas, na ce mutumin da ya haɗa wutar asibiti guda ba zai jira kowa a kan ɗan tiyo ba. Ban ɗaure bakin da kyau ba, muka kulle gida muka fita.

Jiya na zaunar da ita, na yi gyaran murya, na ce zan faɗa mata wani sirri. Ta ce, "Na hancin?" Na ce tun yaushe? Ta ce, "Tun ranar da ka yabi ƙamshin miya ina tafasa tsummokaran goge-goge."

Shekara uku, Yaya. Ita ke sunsuna madara kafin ta miƙo mini. Ita ke riga ni shiga kicin kowace safiya, ni kuwa ina cewa matar nan ba ta iya zama. Da 'yarki ta kira, ta gwammace a ce mata mai dukan miji da a ce mini tsohon da ya kusa tashin bene.

Na kira yara na faɗa musu da bakina. Babu wanda ya ɗauke mu. Babbar 'yarmu ta aiko da wata na'ura mai ihu in ta ji gas. Na ce ina da irinta tun shekara arba'in, tawa ma har da laima.

Ƙanenki, Auta.

*

Zuwa ga ƙanwata, matar Auta,

Ina gaishe ki da kyau, ina kuma yi miki barka. Ban taɓa rubuto miki takarda ba, kin san dalili, ni ma na sani.

Na ce sai an rubuta ban haƙuri kafin in taka gidanku. To ga shi an rubuta, da hannuna. Ki yafe mini.

Ina tafe ranar Asabar. Na sayo miki sabuwar laima, na sa mai shago ya zaɓo mai ƙarfin mariƙi. Ki ajiye ta kusa da ƙofa.

Yayarki.