Wayar Yasmin da gayyar roron wake

Litinin, 4 ga Nuwamba
'Yata Yasmin ta dawo daga ajin kwamfuta na Malumfashi da abin da ta ce ita ta haɗa a waya. Madanni ne kore. In an danna, sai ƙwallo ja ya fito da lamba a cikinsa, daga ɗaya zuwa bakwai. Na tambaye ta wa ke zaɓar lambar, ta ce ba kowa. Ni dai ban taɓa ganin abin da ba kowa ya yi ba.

Talata, 5 ga Nuwamba
Bakina ya ja mini. Na ba matan gayya labari, yanzu sun ce da wayar za a fitar da wadda za a fara yi wa roron wake, tunda kullum in ana ƙuri'ar jan tsinke ana zargin Yaya Adama da sanin tsinken da take miƙa wa ƙanwarta. Mu bakwai ne. Ni ce lamba huɗu.
Maigidana Malam Rabe ya ce in aka ce 'yarsa ta yi maguɗi a nan Dayi, ta gama zuwa ajin nan.

Alhamis, 7 ga Nuwamba
Na roƙi Yasmin ta cire huɗu, kada ta fara fitowa a ce an yi maguɗi. Ta ce, "Inna, ai wannan ɗin shi ne maguɗin." Yarinyar da na goya.

Juma'a, 8 ga Nuwamba
Tana wanka na ɗauki wayar na yi ta dannawa, don huɗun da ke ciki su ƙare kafin gobe. Sau tara ta fito. Miya ta kama.

Asabar, 9 ga Nuwamba
An yi, a zauren Yaya Adama. Shida ta fara fitowa, sai biyu. Ina ta hamdala. Da aka kai na biyar ban ji huɗu ba, hamdalar ta fara ragewa. Ni ce ta ƙarshe, ga wakena ya bushe har yana fashewa. Ban san lokacin da na miƙe na ce an yi maguɗi ba. Ni kaɗai na faɗa, duk garin nan.
Matan suka yi ta dariya har Yaya Adama ta riƙe bango. Yasmin ba ta yi ba.

Lahadi, 10 ga Nuwamba
Ba ta ci tuwona ba. Malam ya ji labari, ya ce ga shi an faɗa, kuma a cikin gidansa.

Talata, 12 ga Nuwamba
Na sa ta buɗe mini cikin abin. Turanci ne, da baka-baka kamar ƙahon rago. Karatun yaƙi da jahilcina bai kai nan ba, amma na bi da yatsa harafi-harafi, layi goma sha ɗaya. Na ga 1, na ga 7. Babu sunana, babu na kowa.
Na kai wa Malam, na ce na karanta da idona, laifin bakina ne. Ya ce tun yaushe na iya Turanci. Na ce ya karɓa ya karanta da kansa. Ya ce Yasmin ta shirya da wuri gobe, kada motar Malumfashi ta wuce ta.
Layi na shida ne ban gane ba. Ta ce sai ta dawo.