Ba, Alif, Ba

Zuwa ga 'yata Auta,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ciwon gwiwata da sauƙi, alhamdu lillahi.

Mutanen kamfanin da marigayi yayanki ya yi wa aiki sun zo mini da littafinsa. Kin san sana'arsa: su suna gina duniyar wasan kwamfuta, shi yana rubuta tarihin ƙasarta, wato yaushe teku ya janye, yaushe dutse ya yi aman wuta, shekara miliyan nawa kogi ya yi yana cin kwari. Kin kuma san abin da na gaya masa, cewa yana kwaikwayon Mahalicci. Shekara shida ba mu yi magana ba, har aka kira ni wankan gawarsa.

Ashe da ajami ya rubuta littafin duka, kuma ba mai iya karanta shi a cikinsu. Sun kai ni ofishinsu, hawa na uku, ɗaki mai sanyi kamar asibiti. Shugabarsu ta zaunar da ni gaban allon kwamfuta, ta ce in kwantar da hankalina, ko na faɗa rami ba zan karye ba. Na gangara wani kwari a cikin wasan, ina karanta musu abin da yayanki ya rubuta kan duwatsun, shimfiɗa bayan shimfiɗa. Ja, ya ce hamada ce ta dā. Fari, ya ce ƙasusuwan halittun teku ne. Baƙi, ya ce toka ce ta shekarar da rana ba ta fito ba. Rubutun irin nawa ne sak, har yadda yake karya wutsiyar lam.

A can ƙarƙashin duka akwai wani kogo da bai gama ba, duhu ne kawai da ƙarar iska. A shafin kogon cikin littafin kalma ɗaya ce: ba, alif, ba, kuma bai sa wasali ba. Sau nawa na tsawata masa kan barin wasali tun yana ƙarami! In rufu'a ce, wato wasalin u, babu ya rubuta, sai su toshe wurin. In wasali ƙasa ne, babi. In wasali bisa ne, Auta, Baba ya rubuta, ya sa ni a gindin duniyarsa. Sun ce in haka ne za su bar kogon. Ranar Litinin suke jiran amsata.

Ki gaida yara.

Mahaifinki.

Zuwa ga 'yata Auta,

Aminci ya tabbata a gare ki. Na ji daɗi da zazzaɓin ƙaramarku ya sauka.

Wasiƙarki ta iso, na ga kin roƙe ni in ce Baba ne, wa zai sani. Wallahi na ɗauki alƙalami, har bakinsa ya taɓa takardar. Amma shekara arba'in ina hana ɗalibai su ɗora wa marubuci abin da bai faɗa ba, balle marubucin da ba zai iya tashi ya musa ba. Na bincika littafin daga bango zuwa bango ko ya ambace ni a wani wuri. Bai ambace ni ba. Na ce musu ban sani ba, Allah ne Masani.

Shugabar ta ce ba za su saki wasa da rami mara bayani ba. Na roƙi a kai ni wurin kafin su toshe. Na tsaya a bakin kogon, da rawanina da furfurata, na yi sallama da ƙarfi har ma'aikatan suka ɗago kai. Na ce masa na yafe, shi ma ya yafe mini. Na jira.

Shugabar ta dafa kujerata, ta gaya mini a hankali cewa na'urar ba ta ɗaukar murya. Duk da haka ba ta tashe ni ba sai da aka kira la'asar. Washegari suka cika wurin da dutse.

Ki sa shi a addu'a, ni ma ki sa ni.

Mahaifinki.