Gwaggon Ɗakin Wanki Ta Tafi da Sirrin Kwalbarta

Cikin alhini da sanyin jiki, Hukumar Gudanarwa ta Cibiyar Binciken Ƙananan Ƙwayoyin Cuta, a ƙarƙashin jagorancin Mai Girma Babban Darakta, tare da Farfesoshi, Daktoci da sauran ma'aikata manya da ƙanana, ta samu labarin rasuwar uwarmu, Shugabar Ɗakin Wankin Kwalabe, wadda kowa ya sani da Gwaggo, wadda ta koma ga Mahaliccinta ranar Talata da hantsi bayan jinyar wata biyu.

Shekara talatin da ɗaya marigayiya ta yi tana tsaye a gaban famfo ukun nan na ɗakin da ke ƙarshen baranda, kuma a tsawon wannan lokaci ba a taɓa samun wanda ya shiga mata da takalmi ya fito da mutuncinsa ba, har da Mai Girma Babban Darakta, wanda ya ba da izinin a ambaci hakan. Ita ce ta raɗa wa ƙwayoyin cutar da muke kiwo a faranti suna 'ya'yan Farfesa, tana mai cewa ba ta taɓa ganin mai hankali ya dafa wa cuta abinci, ya ajiye ta a ɗaki mai ɗumi, ya riƙa leƙa ta safe da yamma ba. Ni kaina mai wannan sanarwa, Mai Dogon Turanci take kirana, kuma wallahi ban taɓa jin haushi ba sai ranar da na ji Darakta ma ya ɗauka.

Jama'a sun san cewa shekara tara ke nan wannan cibiya tana alfahari da binciken Babban Farfesa, Shugaban Sashen Magunguna, wanda ya nuna cewa jiƙon wani sassaƙe yana hana yaɗuwar wata ƙwayar cuta mai taurin kai da ta gagari magungunan asibiti. Idan aka ɗiga jiƙon a tsakiyar faranti, washegari sai a tarar da fili fes ya zagaye ɗigon, ƙwayoyin sun ja da baya sun tsaya can gefe. Cibiyoyi huɗu sun gwada a wurinsu bai yi ba, mu kuwa muka amsa musu a rubuce cewa hannunsu ne bai faɗa ba. Muna amfani da wannan dama mu janye wasiƙun guda huɗu.

Dalili kuwa shi ne, mako biyu da kwanciyar Gwaggo, bayan sabon mai wanki ya kama aiki, ƙwayoyin suka bi jiƙon, suka hau kansa, suka yi ƙiba. Kwamitin mutum bakwai ya zauna sau biyar, ya zargi firji, ya zargi ruwan famfo, ya zargi wata ɗalibar digiri na uku har sai da baiwar Allah ta yi kuka, kafin mai gadi ya tuna mana abin da dukanmu muka sani: jiƙon Farfesa wari gare shi, kuma kwalabensa kaɗai Gwaggo ke yi wa ɗaurayar ƙarshe da wani haɗi nata da take zuwa da shi daga gida a cikin wata 'yar koriyar kwalba. Ashe ragowar haɗin da ke maƙalewa a jikin kwalaben ne ke kashe cutar, sassaƙen kuwa rakiya kawai ya yi shekara tara.

Wajibi ne mu faɗa cewa marigayiya ba ta ɓoye wa kowa ba. Sau biyu tana tare Farfesa a baranda tana ce masa, "Ɗan nan, kwalaben nan naka fa ba sa fita sai na sa musu abina," shi kuwa ya ce ta rubuto ta hannun shugaban sashenta, alhali ita ce shugabar sashen, kuma ita kaɗai ce a cikinsa.

Ranar Litinin hukuma ta tura tawaga asibiti domin a duba ta, a kuma tambaye ta a hankali abin da ke cikin haɗin. Sai dai jawabin gaisuwa na Mai Girma Babban Darakta ya ci minti arba'in, Babban Farfesa ya yi jawabin godiya, ni kuma na tashi na taƙaita jawaban biyu, ina tsaka da taƙaitawa nas ta shigo ta ce lokacin ziyara ya ƙare. Gwaggo ta bi mu da ido tana murmushi, ta ce mu dawo gobe idan mun gama. Wannan magana ta tsaya mana a rai, kuma kunyarta ba ta sake mu ba har yau.

Hukuma tana miƙa ta'aziyyarta ga mijinta, da 'ya'yanta shida, da jikokinta, da ƙannenta, tana roƙon Allah ya jiƙanta da rahama, ya sa wankin da ta yi mana ya zama sanadin wanke mata kurakurai, ya kuma ba iyalinta haƙuri da juriyar wannan babban rashi. Muna godiya ta musamman ga babbar 'yarta, wadda da ta ji muna cigiyar koriyar kwalbar ta kawo mana ita da kanta. Sai dai 'yar Gwaggo ce ta gaske, domin ta bayyana mana cewa mahaifiyarta ba za ta yafe mata ba idan ta kai wa manyan mutane kwalba da datti, saboda haka ta wanke ta da ruwan zafi sau uku, ta kife ta a rana ta bushe. Babban Farfesa ya ɗaga kwalbar ya duba ta a haske, sannan ya nemi wuri ya zauna, kuma muna sanar da jama'a cewa yana samun sauƙi.

Saboda haka hukuma tana roƙon duk wani ɗan'uwa, ko maƙwabciya, ko ƙawar hira, da ya taɓa zama ya saurari Gwaggo har ta kai ƙarshen maganarta, ya yi wa Allah ya zo ya same mu, domin akwai marasa lafiya kwance da ke jiran wannan amsa. Mun bincika a cikin ma'aikatanmu ɗari da goma sha biyu, ba mu samu ko mutum ɗaya ba.

Sa hannu:
Mai Dogon Turanci,
Babban Jami'in Yaɗa Labarai kuma Mai Magana da Yawun Cibiya,
A madadin Mai Girma Babban Darakta.