Zanzaro a Injin Jirgi

Raelene,

Na fita kina barci, ban so in tashe ki ba. Albishirinki, jirgin ruwanmu ya shirya. Da safen nan na yaye masa tamfol, na wanke shi tas, na ja inji. Ya tashi, amma ruwan da ke sanyaya shi ko ɗigo bai fito ba. Ashe zanzaro ne ya liƙe 'yar ƙofar fitar ruwan da laka, ya yi zamansa duk lokacin sanyi.

Na gwada zura wayar ƙarfe a ƙofar ta ƙi shiga, sai na ɗauki kwarashinki na saƙa, siririn shuɗin nan. Ya yi aikin, amma ya karye. Ki yi haƙuri. Na nufi garin Ulladulla neman irinsa, in haɗo da fetur da ƙugiyoyi.

Matoshin gindin jirgin yana cikin kofin shayinki, da gangan na sa shi. Ki adana, ranar Asabar ki damƙa mini a bakin ruwa, ki tsaya sai kin ga na ɗaura shi. Kin tuna bara, da na manta shi ruwa ya kai mana gwiwa.

Babanki ya kira ɗazu. Tun da aka sallamo shi daga asibiti yake ɗokin fitar nan. Wai, "Darcy, bana kifi za mu kama ko wanka za ka sake yi mini?"

Na ce ya zo da busasshen wando, haka zai koma da shi.

Darcy